Dinarin Inna Kuluwa

Tun da na dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. A masallaci, a bakin shago, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Alhaji, yaya Nijar?" In na ce lafiya lau, sai a ce fuskata ba ta nuna haka ba. To ga labarin na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa ya karanta da kansa. Ina kuma gaya muku tun yanzu, har yau raina a ɓace yake.

Waɗanda suka san ni sun san gwal nake sayarwa a Kano, 'yan kunne da sarƙa da awarwaro. Wannan shi ke ciyar da gida. Amma abin da ya ci zuciyata tun gemuna yana baƙi shi ne tara tsofaffin kuɗin zinariya, irin waɗanda mahajjatan da suka tafi a ƙasa suka dawo da su: fam mai doki na Ingila, lirar Turkawa, da na Masar. Mai shago nauyi kawai yake saye. Mai tarawa kuwa abu biyu yake dubawa, ƙarancinsa da lafiyar jikinsa. Kuɗin da bai taɓa yawo a hannun mutane ba yana da wani ruwa a fuskarsa, wanda ya samu ranar da aka buga shi, in ka juya shi a rana sai ka ga hasken yana zagaye shi. Ruwan nan ba shi da kauri ko kaɗan. Ko da bakin riga ka goge shi ya tafi ke nan, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ga kuɗi biyu iri ɗaya, nauyi ɗaya, wannan ya sayi akuya, wancan ya sayi fili.

Akwai wani abokina a Tawa, Mushe Sulai. Can mushe suke ce wa malamin makarantar boko. Ya taɓa zuwa shagona sayen kayan lefe, muka saba. Wata rana ya turo mini hoton wani kuɗi ta waya. Ya ce na goggon matarsa ne, wata tsohuwa Inna Kuluwa, a wani ƙauye gaba da Afala. Mahaifinta ya je Makka a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, ya rasu ya bar mata wata 'yar jakar fata ɗinkakkiya kamar laya. Bana fatar ta tsage don tsufa, sai ga kuɗin zinariya ya faɗo.

Ina zaune na buɗe hoton, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Dinarin Sharifin Makka ne, wanda aka buga a 'yan shekarun da ya yi yana mulkin Hijaz. Kaɗan aka buga, an ce kuma yawancinsu narkar da su aka yi daga baya. Na taɓa riƙe irinsa a Jidda, amma shi an huda shi an rataya a wuya har ya suɗe. Wannan kuwa kowane harafi a tsaye yake da kaifinsa, ruwansa na nan, ga wani ja-ja da fata ke sa wa zinariya in sun daɗe tare. Masu tarawa suna mutuwa a kan jan nan, don shi ne shaidar ba wanda ya taɓa shi.

Mushe ya ce wani maƙerin zinariya a Tawa ya taya da nauyi, tsohuwa ta ƙi. Ita burinta ɗaya ne, ta ga ɗakin Allah kafin ta mutu, kamar yadda babanta ya gani. Ko wannan abin zai kai ta? Na ce masa in dai yadda yake a hoto haka yake a zahiri, zai biya mata kujera har da guzuri, kuma ni zan saya. Sannan na ja masa kunne. Na ce kada a wanke shi, kada a goge shi, kada a taɓa shi da komai, a naɗe a auduga a ajiye har in iso. Na faɗa, na sake faɗa, na sa shi ya maimaita mini kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce, "An gama, Alhaji."

Ta Katsina na bi, na fita ta Jibiya. A bakin iyaka wani jami'i ya buɗe jakata ya ci karo da ɗan sikelina da gilashin duba gwal. Ya ɗauka ni ma ina cikin masu tafiya haƙar zinariya arewa. Na ce ya dubi tumbina ya gaya mini wane rami ne zai ɗauke ni. Ya yi dariya, sai kuma ya zaro wani zobe daga aljihu, ya ce matarsa ya saya wa, in duba masa. Na duba. Tagulla ce aka shafa wa ruwan gwal, na kuwa gaya masa haka. Fuskarsa ta canja, amma ya yi godiya. Kafin in rufe jaka labari ya bazu, wannan ya kawo zobe, wancan ya kawo sarƙar ƙanwarsa, wata mai sayar da ƙosai ta cire ɗan kunnenta ta miƙo mini da mai a jiki. Na zama ma'aikacin iyaka ba albashi. Motar da na zo da ita ta gaji da jira ta tafi ta bar ni.

Daga Maraɗi na shiga motar Tawa. Direba ya rantse mini saura mutum ɗaya ta cika, ashe mutumin ba a haife shi ba tukuna. Da muka isa Galmi, garin albasa, wata mata ta shigo da buhuna, aka cika bisa, aka cika baya, sauran aka ɗora mini a ƙafa. Sabuwar shaddata ce na sa don in shiga garin mutane da mutunci. Har yau an wanke ta ban san sau nawa ba, in na sa ta sai kaji su biyo ni.

Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Kalfu. Ya kwance ƙullinsa ya miƙo mini cuku, wato busasshen nono da Buzaye ke yi, fale-fale kamar takarda, mai tauri kamar ƙaho. Na ɗan ɓantara na yi godiya, na ce na ƙoshi. Ya ce, "Haba baƙo, mi kac ci?" Ya ƙaro biyu. Na ce wallahi haƙorina ba shi da lafiya. Ya ƙaro kilishi. A Kano in ka ce ka ƙoshi, kafin ka rufe baki an ɗauke kwanon, mai gida ma har ya ji daɗi. A can kuwa "na ƙoshi" kamar ka ce "a ƙaro" ne. Na lura da wannan tun a mota, na yi ta dariya a raina, ban san da ni ake ba.

Mushe ya tare ni a tasha, su otogar suke cewa. Na ce ya kai ni masauki in kama ɗaki. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya kai ni gidansa, ya fitar da kayansa daga ɗakinsa, shi ya koma rumfa. Na ce kada matarsa ta wahalar da kanta da girki, shayi da burodi sun ishe ni. Aka kawo dambu da zogale, aka kawo farfesun kai da ƙafa da suke ce wa malku, aka kawo shayin da burodin kuma. Burodinsu dogo ne kamar sanda, in ya kwana kana iya korar ɓarawo da shi. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa ko da 'yan Kano za su ji haushi: furar Adar ta fi tamu. Gero ne zalla da nonon da bai san ruwa ba.

Ni dai hankalina yana kan dinari. Na ce mu wuce ƙauyen da safe. Mushe ya ce yana da lakwal, wato makaranta, yara suna jarrabawa, sai jibi. Na yini ina zagaya Tawa kamar wanda ya ɓatar da akuya. Da rana ta take, garin ya yi tsit, masu shago suka ja ƙofa suka kwanta, har mai sayar da ruwan sanyi, wanda a lokacin ne ya kamata ya ci kasuwa. Na tsaya ina kallon ikon Allah. A kasuwarmu ko gobara ake yi a layin baya, na gaba ba ya rufe shago.

Na sake tambayar Mushe ko ya isar da saƙona. Ya ce, "Na hwaɗa musu, Alhaji, kalma da kalma. Kwantar da hankalinka."

Ran tafiya muka hau babur ɗinsa. Bayan Afala hanya ta ƙare, sai yashi da duwatsu. Babur ya yi ta rawa da mu, can ya kwanta, ni ma na kwanta, hulata ta gangara ta shige cikin ƙaya. Wani makiyayi mai rawani ya tsamo mini ita da sandarsa, ya kakkaɓe, ya miƙo mini da hannu biyu, bai yi ko murmushi ba. Na gode masa da wannan, don Mushe kam sai da ya riƙe ciki.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga ƙauyen. Ashe duk gari an san da zuwana. Mata suna leƙe ta kan darni, dattawa sun jeru a inuwa, kuma na ji ana ta cewa baƙon Hajiya ya iso. Na tambayi Mushe wace Hajiya. Ya ce ai Inna Kuluwa ce, tun da labarin kujera ya fita aka fara kiranta haka, har masu ba ta saƙon addu'a sun fara zuwa. Na ce a raina ba komai, ai abin yana nan.

Babban ɗanta, Nomau, manomi ne dogo mai sanyin magana. Ya sauke mu a wata rumfa da ke jingine da darnin cikin gida. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Dattawa suka fara shigowa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi Kano da mutanenta kamar ya san su. Na hango ana jan wani ɗan akuya. Na ce don Allah kada a yanka, ba daɗewa zan yi ba. Kafin in rufe baki an kayar da shi.

Kun san dai baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi kafin ya sha ruwa ya ci abinci. Ko a Kano haka ne, sai dai mu muna gajarta abin. Na zauna ina haɗiye maganata. Ta bayan darni kuwa, dab da inda na jingina, ina ta jin wata ƙarar gurza, ƙarat, ƙarat, ana yi ana hutawa, mata suna hira suna dariya. Na ɗauka tukunyar da za a dafa naman ake kankarewa. Aka kawo gasasshiyar hanta na ci. Aka ɗora shayi, irin nasu da ba a sha sau ɗaya a tashi. Aka yi azahar. Ƙarar nan ba ta tsaya ba.

Da aka miƙo mini kofi na biyu haƙurina ya ƙare. Na ce, "Malam Nomau, ko za a taimaka a nuna mini abin nan tun da sauran haske?"

Ya ce, "Yanzu kau, Alhaji. Shirya shi akai."

Na ce, "Wane irin shiri?"

Ya ce, "Wanki. Tun da sahe Inna na bisa nai. Da toka da tsamiya anka hwara, jan bai hita ba, shi ne anka sa rairayi. Ba ka jiya ba? Ya kusa."

Ban san yadda aka yi kofin ya bar hannuna ba. Na miƙe, na kama darnin da hannu biyu, na ɗaga murya na ce, "Don girman Allah ku bari! Ku ajiye shi!" Ni, baƙo, da furfurata, ina yi wa matan gidan mutane tsawa ta kan darni. Gurzar ta tsaya. Dariyar ta tsaya. Dattawan da ke rumfa kowa ya sunkuyar da kai, don sun ji mini kunya.

Na juya kan Mushe. Na ce, "Ba ka ce ka faɗa musu ba?"

Nomau ne ya amsa, a natse, kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Ya hwaɗa, Alhaji. Ya ce ka ce kar a wanke, kar a goge. Munka ce wanga bawan Allah mutumen kirki na, ba ya son shi wahal da tsohuwa. Amma ƙaƙa za a yi mutum shi taso tun daga Kano, a miƙa mai abu da dauɗa? Ai sai a yi muna dariya."

Na dubi Mushe, mutumin da ya yi karatu, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Alhaji, ni ma na aza kara ce kakai."

Kara. Na yi magana da Hausa, ba da Larabci ba, na maimaita har bakina ya bushe, amma saboda ni baƙo ne, duk abin da na ce kada a yi sai aka ɗauka kunya ce ta sa na faɗa. Wace irin al'ada ce wannan da mutum ba shi da hanyar da zai ce a'a a yarda da shi? Da na ce kada a sa mini guba a fura fa? Kuma kada 'yan Kano su yi saurin dariya, mu ma muna da ciwon nan, nasu ne dai ya fi namu tsanani.

Sai ga Inna Kuluwa ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta sha sabon zane, tana tafe a hankali da sabon faifai a hannu. A kan faifan an shimfiɗa farin ƙyalle, a kan ƙyallen ga dinari, har turare an fesa masa. Ta durƙusa ta ajiye a gabana tana murmushi. Ta ce, "Sannu da zowa, ɗana. Ka yi haƙuri mun tsai da kai. Tsohon datti na, da ƙyar yah hita." Na ga kan yatsunta sun yi ja, ɗaya har ya fashe.

Na sa gilashi na duba, ko da yake tun daga nesa na riga na sani. Yana walƙiya kamar sabon tire. Ruwan ya tafi. Jan ya tafi. Fuskarsa duk zane ne, kamar tsakar gidan da aka share da tsintsiya, haruffan sun rasa kaifinsu, gefe ɗaya ma shekarar ta fara shafewa. Abin da ya ƙetare teku, ya ratsa Sudan da Chadi a ƙugun mai tafiyar ƙasa, ya kwanta a fata fiye da rayuwar mutum ba abin da ya same shi, shi aka kashe a wuni ɗaya, ni kuma ina jingine a wurin ina cin hanta. Wallahi na ji kamar in yi kuka, kuma ban san wa zan kama ba. Ba ɓarawo, ba mugu, kowa alheri ya nufa.

A hannun masu tarawa, sunansa yanzu wankakke. Abin da ya rage masa nauyinsa ne da ɗan abin da ba a rasa ba, ko rabin hanya ba zai kai ta ba. Ni kuma ba ni da arzikin da zan biya kujerar Makka a kan abin da ba zan iya sayarwa ba. Da ina da shi da na yi, Allah ya sani.

Mushe ya matso kunnena. Ya ce, "Alhaji, kar ka hwaɗa mata yau. Ka ce ya yi kyau, in ka koma Kano sai mu san dabara."

Nan ne raina ya gama ɓaci. Wato karar da ta kashe dinarin, ita za mu sake yi, tsohuwa ta ci gaba da karɓar saƙon addu'a tana ɗinka farin kaya? Na ce masa ya matsa. Na sauko daga tabarma na zauna a ƙasa daidai da ita, na gaya mata komai, a hankali, ban rage ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Wato dauɗat ce kaz zo saye?"

Na ce, "Ba dauɗa ba ce, Inna. Fatar jikinsa ce."

Ta ce, "In na maishe shi cikin hwata na aje, ba ya komawa yadda yake?"

Na ce, "Jan yana iya dawowa bayan shekaru masu yawa. Zanen yashi ba ya tafiya."

Ta dubi faifan. Ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba, ko Mushe ba ta kalla ba. Ta ce, "Baba ya ɗauko shi tun daga Makka da ƙahwa tai, ya kawo shi lahiya lau. Ni ko bakin darni ban kai shi ba."

Na ce zan saya duk da haka, in ba ta fiye da abin da kowane maƙeri zai bayar. Ta girgiza kai. Ta ce in ba zai kai ta inda ya fito ba, gara ya zauna inda babanta ya bar shi. Ta naɗe shi a ƙyallen, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta sa aka ƙunsa mini sauran naman. Wannan karon ban ce kada a yi ba, ban ga amfanin faɗa ba.

Da la'asar ta rako mu har bakin gari, tana tafe a bayan babur ɗin da Mushe ke turawa cikin yashi. Muka haɗu da wata mata ta taso daga rijiya da tulu a ka, ba ta san abin da ya faru ba. Ta washe baki tun daga nesa ta ce, "Hajiya, an gama ciniki? Yaushe ne tahiyar?"

Tsohuwa ta tsaya. Ta gyara ƙullin bakin zanenta, ta ce, "Kuluwa nike. Ki kira ni da sunana."